Mutanen da Waƙa Ta Tsallake

A ƙarshen fim ɗin The Sound of Music na 1965, iyalan Kyaftin von Trapp suna hawan duwatsun Ostiriya a ƙafa, uba yana goye da autar 'ya'yansa, suna gudun sojojin Hitila su tsallaka Suwizalan. Miliyoyin mutane sun tashi da wannan hoto a zukatansu. Abin da ya faru a 1938 bai kai haka armashi ba. Jirgin ƙasa suka shiga a bainar jama'a suka nufi Italiya, domin Kyaftin ɗin haifaffen garin Zara ne, wanda ya koma hannun Italiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka yana da ikon zama ɗan ƙasar. Da dutsen da ke bayan Salzburg suka haura, Jamus za su faɗa, daf da gidan hutun Hitila na Berchtesgaden. Auren Kyaftin da Maria ma tun 1927 aka ɗaura shi, shekara goma sha ɗaya kafin Jamus ta haɗiye Ostiriya, ba a jajibirin gudun hijira ba.

Irin wannan sauyi bai cika tayar mini da hankali ba. Abin da ke damuna yana wani wurin, kuma sai an fahimci yadda sana'ar take kafin a gan shi da kyau.

Wasan waƙa irin na Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, ya bambanta da abin da muka saba gani a yawancin finafinan Indiya da na Kannywood, inda labari kan tsaya a yi waƙa sannan a ci gaba. A can waƙar ce take ɗauke da labarin. A cikinta ake gardama, a yanke shawara, a ci amana, a mutu. To waƙa aba ce mai cin lokaci. Maganar da za a gama cikin daƙiƙa ashirin sai ta cinye minti huɗu, saboda amshi da maimaici da kiɗa. Wasan kuwa ba ya wuce awa biyu da rabi zuwa uku. Ga kuma batun kuɗi: duk wanda zai buɗe baki a kan dandamali albashi ne ake biya, wasa takwas a mako, wata da watanni. Shi ya sa marubuci ke haɗe mutum biyu ko uku su zama ɗaya, ya matse shekara goma ta koma damina guda, ya ba ɗan wasa ɗaya riga biyu. Mutum 56 ne suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka, amma wasa mai suna 1776, wanda aka yi a kan wannan takarda, wakilai kusan ashirin ya nuna, jaruminsa John Adams kuma an cusa masa wasu halaye da kalaman ɗan'uwansa Samuel Adams. Wanda ya ce kada a rage kowa, ya ce kada a yi wasan ke nan.

Saboda haka ragi dole ne. Tambayar ita ce wa ake ragewa. Ni ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: a mayar da mutumin da aka cire cikin labarin, a ga abin da zai faru. Idan labarin ya ƙara tsawo kawai, to uzurin ƙarancin lokaci gaskiya ne. Idan kuwa dawowarsa ta sa waƙar jarumi ta daina daɗi a kunne, to wani dalili ne ya fitar da shi, ko da marubucin bai faɗa wa kansa ba.

A fara da mai sauƙi. Iyalan von Trapp ba Maria ce ta mayar da su mawaƙan da duniya ta sani ba. Wani limamin Katolika ne, Fada Franz Wasner, wanda ya shigo gidan a 1935 bayan dukiyarsu ta nutse a wani banki da ya karye har suka fara ba da hayar ɗakuna. Shi ya tsara musu muryoyi, ya koya musu tsofaffin waƙoƙin coci, ya bi su gudun hijira, ya ja ragamar ƙungiyar fiye da shekara ashirin. A wasan dandamali na 1959 da fim ɗin 1965 da aka gina a kansa, babu shi ko a suna. An maye gurbinsa da wani ƙirƙirarren dillalin mawaƙa mai son kuɗi, Max Detweiler. A mayar da Wasner, me zai faru? Maria ba za ta ƙara zama wadda ta shigo da kiɗa gidan da babu kiɗa ba, kuma a kan wannan ginshiƙi aka ɗora fim ɗin gaba ɗaya. Mutumin da ya yi aikin aka share domin jaruma ta haska. Zalunci ne ƙarami, an yi shi ga mutum ɗaya, amma salon da za a gani a manyan misalan ke nan.

Wasan 1776 ya fito a Broadway a 1969, Sherman Edwards, wanda ya taɓa koyar da tarihi a makaranta, ya yi waƙoƙinsa, Peter Stone ya rubuta labarin. An mayar da shi fim a 1972 da kusan duk manyan 'yan wasan dandamalin. Yana cikin wasannin da suka fi mutunta tarihi, har marubutan suka rubuta bayani a ƙarshen littafin wasan suna lissafa inda suka sauya gaskiya. Kuma bai gudu daga batun bauta ba. Akwai waƙa mai tayar da tsikar jiki da wakilin Karolina ta Kudu, Edward Rutledge, yake rerawa, yana tona asirin 'yan Arewacin ƙasar masu wa'azin 'yanci alhali jiragensu ne ke jigilar bayi daga gaɓar Afirka. Wannan zargi yana da tushe, domin Thomas Jefferson, marubucin takardar 'yancin, da kansa ya rubuta daga baya cewa an soke sakin layin da ya la'anci cinikin bayi ne don a faranta wa Karolina ta Kudu da Jojiya, kuma 'yan Arewa ma abin ya sosa musu rai saboda suna cikin masu safarar.

Amma a dubi ɗakin da Thomas Jefferson ya rubuta takardar. A fim, ya kasa rubutu saboda kewar matarsa Martha, sai Adams ya aika aka kawo ta Filadelfiya, ta kwana, washegari ta fito tsakar gida tana waƙa tana rawa da Adams da Benjamin Franklin, daga nan alƙalami ya kama gudu. Martha ba ta taka Filadelfiya ba a wannan bazara. Tana Bajiniya ba ta da lafiya. Wanda yake tare da Jefferson a gidan hayar nan na Jacob Graff shi ne Robert Hemings, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, bawansa, mai yi masa hidima. Robert kuwa ɗan Elizabeth Hemings ne, kuma masana tarihi sun tafi a kan cewa ubansa John Wayles ne, mahaifin Martha. Wato fim ɗin ya ɗauko matar da ba ta nan ya ba ta waƙa sukutum, ya bar ƙaninta na uba ɗaya wanda yake nan, domin shi dukiya ne a idon dokar lokacin. A tsayar da yaron nan a bayan kujera yana riƙe da riga, yayin da maigidansa ke rubuta cewa an halicci dukkan mutane daidai. Ba a buƙatar ko kalma ɗaya daga bakinsa, ba a buƙatar ƙarin minti ɗaya. Amma yanayin wurin ya sauya baki ɗaya, kuma ina ganin sauyin nan ne aka guje wa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne maganar da aka sa a bakin Jefferson lokacin da Rutledge ya tsare shi, cewa ya riga ya ƙudura zai 'yanta bayinsa. Mai kallo zai tashi da zaton haka aka yi. Jefferson ya mallaki mutum fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Biyu ya 'yanta a hukumance yana raye, Robert Hemings a 1794 bayan an biya kuɗin fansarsa, da ƙaninsa James a 1796. Biyar ya 'yanta a wasiyyarsa. Bayan mutuwarsa a 1826 aka yi gwanjon mutum kusan 130 daga gandunsa na Monticello don biyan bashi, aka raba iyaye da 'ya'ya.

Fim ɗin 1776 ya kuma nuna wata hanyar da ake yanke tarihi, wadda ba ta da alaƙa da fasaha. Akwai waƙar da attajiran majalisa masu ra'ayin mazan jiya suke yi, suna rawa a natse suna alfahari da cewa kullum dama suke karkata, ba su son a taɓa musu dukiya. Daraktan fim ɗin, Peter Hunt, ya ba da labarin cewa furodusa Jack Warner ya nuna wa abokinsa Shugaba Richard Nixon fim ɗin kafin a sake shi, Nixon ya nemi a cire waƙar, Warner ya cire, har ya ba da umarnin a lalata asalin faifan. Mai tace fim ɗin ce ta adana shi, shi ya sa aka iya mayar da waƙar bayan shekaru masu yawa. Duk wanda ya kalli fim ɗin a silima a 1972, shekarar da Nixon ke neman zarcewa, abin da shugaban ƙasa ya yarda a gani ya gani.

Nan ne bambancin dandamali da fim yake fitowa. Mai kallon dandamali ya san wasa yake kallo. Yana ganin fentin bango, yana ganin fitila, yana ganin mutum ɗaya ya fita a matsayin wane ya dawo a matsayin wane. Da an koma fim sai kyamara ta tafi Salzburg ta gaske, ta ɗauki majami'ar gaske da tafkin gaske, ƙagaggen labari ya ari gaskiyar wurin ya yafa. Gani ya kori ji. Littafin tarihi zai ce jirgin ƙasa, ido kuwa dutse ya gani, kuma ido ake gaskatawa. Sannan wasan dandamali rayayye ne, kowane darakta yana iya sake masa fasali. Da aka farfaɗo da 1776 a 2022, masu shirya shi sun shigar da Robert Hemings, yana tsaye shiru yana yi wa Jefferson hidima. Fim kuwa da an rufe shi ya rufu. Na 1972 shi ake ci gaba da nunawa a talabijin duk ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka, babu Robert a ciki, kuma masu kallonsa sun ninka waɗanda suka taɓa sayen tikitin Broadway nesa ba kusa ba.

Wani lokaci kuma ruwan tun daga mafari ya gurɓace. The King and I ya fito a dandamali a 1951, a fim a 1956. An gina shi a kan ƙagaggen littafin Margaret Landon na 1944, ita kuma ta gina a kan littattafan tunawa na Anna Leonowens, wadda ta koyar da 'ya'yan sarkin Siyam, wato Tailan ta yau, daga 1862 zuwa 1867. Anna ta ce a Wales aka haife ta. Bincike ya nuna a Indiya aka haife ta a 1831, a gidan talakan soja, kuma tana da jinin Indiyawa ta wajen uwa, abin da ta ɓoye har ta mutu. Sarki Mongkut da fim ya nuna a matsayin mai zafin kai da ke jiran Baturiya ta wayar masa da kai, ya shafe shekara 27 yana zuhudun addinin Buddha kafin ya hau gadon sarauta, ya san harshen Pali, ya koyi Latin da Ingilishi tun kafin Anna ta zo, kuma da lissafinsa ya faɗi lokaci da wurin da za a ga husufin rana na 18 ga Agusta 1868. A wannan tafiyar kallon husufin ya kamu da zazzaɓin cizon sauro da ya yi ajalinsa, Anna kuwa ta bar ƙasar tun 1867, ba ta zauna a gefen gadonsa ba kamar yadda aka nuna. Hukumomin Tailan sun haramta fim ɗin. Ba na goyon bayan haramta fim, amma na fahimci ɓacin ran mutanen da aka mayar da malamin sarkinsu ɗalibi.

Misalin da ya fi wuya, kuma ya fi cancantar a daɗe a kansa, shi ne Hamilton. Lin-Manuel Miranda ya gina shi a kan tarihin rayuwar Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, wanda Ron Chernow ya wallafa a 2004. Ya buɗe a New York a 2015, ya ci lambobin yabon Broadway na Tony 11 da kyautar Pulitzer. An ɗauki wasan da kyamarori a watan Yunin 2016 da 'yan wasansa na asali, kamfanin Disney ya saye shi a kan dala miliyan 75, aka sake shi a Disney+ ranar 3 ga Yuli 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd, lokacin da Amurkawa ke tumɓuke gumakan masu bayi daga dandalin biranensu.

Ƙarfin wasan yana cikin zaɓin 'yan wasa. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ne suka fito a matsayin magabatan ƙasar irin su George Washington da Jefferson da Madison da Burr, suna gardamar bashin ƙasa da salon waƙar gambara ta zamani. Yaro baƙar fata a Amurka ya ga mai kama da shi sanye da rigar shugaban ƙasa na farko, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma masaniyar tarihi Lyra Monteiro ta nuna a wata maƙala a 2016 cewa wannan zaɓin ya lulluɓe wani giɓi: dandamali cike yake da baƙaƙen fuskoki, amma babu bawa ko 'yantaccen baƙar fata ko ɗaya na wancan zamani da aka ba shi magana. Annette Gordon-Reed, wadda ta fi kowa bincike a kan iyalan Hemings, ta ce tana son wasan, amma ita ma ta yi irin wannan ƙorafi. Da Turawa ne suka yi wasan, da kowa ya lura babu baƙi a labarin. Da yake baƙi ne suka yi, ido ya ƙoshi, bai tambaya ba.

A kalli farkon kashi na biyu da kyau. Jefferson ya dawo daga Faransa, yana saukowa daga wani tsani da 'yan amshi ke turawa, wasu suna goge ƙasa a gabansa, sai ya kira Sally ya ce ta buɗe masa wasiƙa. Wata 'yar rawa ta juyo da murmushi ta miƙa takardar ta koma cikin taro. Sally Hemings ke nan, ƙanwar Robert, wadda aka kai Faris tana da shekara goma sha huɗu, wadda ta haifa wa Jefferson 'ya'ya shida. Daƙiƙu kaɗan aka ba ta, ba ta ce uffan ba. A ƙarshen wasan kuma, lokacin da matar Hamilton ke faɗin cewa ta yi magana a kan bauta, ɗan wasan da ya fito a matsayin Washington yakan sunkuyar da kai ya ja da baya, kuma kyamarar fim ta kama wannan fiye da yadda mai zama a kujerar baya zai gani. Iyakar hisabin da aka yi wa Washington ke nan. Mutum 317 ne ke bauta a gandunsa na Mount Vernon a 1799, shekarar da ya mutu.

Kuma ba a rasa waɗanda za a saka ba. Wasan ya yi wa telan nan Hercules Mulligan kirari a matsayin ɗan leƙen asiri a New York, amma bai ambaci bawansa Cato ba, wanda aka ruwaito shi ke ratsa shingen sojojin Birtaniya da saƙo. Ya yi waƙa guda a kan yaƙin Yorktown na 1781 ba tare da James Armistead ba, bawan da ya shiga sansanin Janar Cornwallis na Birtaniya yana kawo wa Lafayette, janar Bafaranshe da ke ɓangaren Amurka, labari, wanda bai sami 'yancinsa ba sai 1787, bayan Lafayette ya rubuta masa shaida. William Lee, bawan Washington, ya bi shi a kan doki tsawon yaƙin gaba ɗaya. John Laurens ya fito a matsayin saurayi mai burin kafa rundunar baƙaƙe, kuma gaskiya ne ya yi wannan yunƙuri, amma ba a faɗi cewa mahaifinsa Henry Laurens yana cikin manyan dillalan bayi na Charleston ba, mai karɓar jiragen da ke tasowa daga tsibirin Bunce na Saliyo.

Wadda rashinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Ona Judge. Waƙar da ta fi taɓa zuciya a wasan ita ce ta bankwanan Washington a 1796, dattijo yana sauka daga mulki da kansa don ya koya wa ƙasa yadda ake miƙa ragama, yana marmarin komawa gida ya huta a inuwar bishiyarsa. A watan Mayun wannan shekara, wata baiwa 'yar kimanin shekara ashirin da biyu da ke yi wa matarsa hidima ta sulale daga gidan shugaban ƙasa a Filadelfiya lokacin da ake cin abincin dare, ta shiga jirgin ruwa zuwa New Hampshire, domin ta ji za a ba da ita kyautar aure ga jikar uwargidan. Washington bai haƙura ba. Ya sa sakataren baitulmali Oliver Wolcott, magajin Hamilton a wannan kujera, ya umarci shugaban kwastan na Portsmouth ya nemo ta a dawo da ita. Ba ta dawo ba. Ta rayu cikin talauci har 1848, kuma kafin ta mutu ta yi hira da jaridun masu yaƙi da bauta ta ba da labarinta da bakinta. A saka ta a gefen waccan waƙar bankwana, a ji ko inuwar bishiyar za ta ƙara sanyi. Ruwa ba ya tsami banza.

Shi kansa Hamilton an nuna shi a matsayin maƙiyin bauta mai gatsa wa Jefferson magana. Akwai gaskiya a ciki: yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yanta bayi ta New York a 1785, ya kuma goyi bayan shirin Laurens. Amma ya yi aure a gidan Philip Schuyler, ɗaya daga cikin manyan masu bayi na yankin Albany, wanda aka kawar da gunkinsa daga gaban ofishin magajin garin a 2023. Littafin lissafin kuɗin Hamilton yana ɗauke da cinikin bayi da ya yi wa dangin matarsa, da wani shigarwa na 1796 na dala 250 da ya biya surukinsa kuɗin bayi biyu da aka saya masa. A 2020 wata mai bincike a gidan tarihin Schuyler, Jessie Serfilippi, ta tattara waɗannan takardu ta kammala da cewa Hamilton ya mallaki bayi a gidansa. Akwai masana da ke jayayya da wasu fassarorinta, amma babu mai musun cewa hannunsa ya taɓa cinikin.

Da aka taso da waɗannan maganganu a 2020, Miranda bai yi musu ba. Ya ce sukar tana kan hanya, ya yi shekara shida yana fama, ya cusa abin da zai iya cikin awa biyu da rabi. Na yarda da gaskiyar zuciyarsa, kuma na yarda wasan ya tura dubban matasa karanta tarihin da da ba za su waiwaya ba. Wasu sun san sunan Ona Judge ne ta dalilin gardamar da Hamilton ya haifar. Masu cewa ai nishaɗi ne, kada a ɗora masa nauyin aji, su ne ban yarda da su ba. A 2015 ma'aikatar kuɗin Amurka ta sanar za ta sa hoton mace a takardar dala goma, wadda ke ɗauke da fuskar Hamilton. A watan Afrilun 2016, wasan yana tashe, aka sauya shawara: Hamilton ya zauna, aka ce Harriet Tubman, baƙar fata mai yaƙi da bauta, za ta hau takardar dala ashirin, shekaru kuma suka yi ta shuɗewa takardar ba ta fito ba. Abin da ke da ƙarfin taɓa fuskar kuɗin ƙasa ya wuce a ce masa nishaɗi kawai.

Uzurin lokaci kuma ana iya auna shi, tunda an san inda lokacin ya tafi. Ɗaya daga cikin waƙoƙin da aka fi so a wasan ita ce ta Angelica, yayar matar Hamilton, inda take bayyana cewa ta so shi amma ta bar wa ƙanwarta, domin mahaifinta ba shi da 'ya'ya maza, dole ita ta auri mai kuɗi. Angelica ta riga ta gudu ta auri John Barker Church tun 1777, shekara uku kafin auren Hamilton, kuma Philip Schuyler yana da 'ya'ya maza har uku da suka girma. An sami minti biyar na soyayyar da aka ƙaga, an share maza uku don ta yiwu.

A ɗaya gefen kuma, Miranda ya rubuta muhawarar majalisar ministoci ta uku, ƙari a kan biyun da ke cikin wasan, a kan bauta, sannan ya cire ta. An fitar da ita daga baya a wani kundin waƙoƙi na 2016, a wajen wasan. Tana magana ne a kan abin da ya faru a watan Fabrairun 1790, lokacin da 'yan ɗariƙar Quaker da ƙungiyar yaƙi da bauta ta Pennsylvania suka kai wa majalisar dokoki koke, ɗaya daga cikin takardun ɗauke da sa hannun Benjamin Franklin, wata biyu kafin mutuwarsa. Franklin ma babu shi a wasan. Dalilin da Miranda ya bayar shi ne cewa babu wanda ya yi wani abin kirki a cikinsu, duk sun kau da kai, don haka waƙar ba ta kai labarin ko'ina ba. A fuskar sana'a ina ganin hujjarsa, domin wasan waƙa yana son kowace waƙa ta tura jarumi gaba. Amma kau da kan nan shi ne babban abin da waɗannan mutane suka aikata a wannan shekara, kuma da hannunsu suka aikata shi. Majalisar wakilai ta yanke a watan Maris cewa ba ta da ikon hana shigo da bayi kafin 1808, ba ta kuma da ikon tsoma baki a 'yanta bayi a cikin jihohi. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000 a ƙasar. Ta 1860 ta sami kusan miliyan huɗu, kuma a shekarar da ta biyo baya yaƙin basasa ya ɓarke.